Mutumin da Bai Ji Rasuwarka Ba

Zango, Kumasi
Farkon damina, 1970

Zuwa ga Yaya Alhasan,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, da fatan Allah ya sa inda kake ya fi inda ka bari. Ni ne Mamman, ɗan ƙanin babanka, dillalin goro, wanda kake cewa bakinsa ya riga shi zuwa duniya. Na san wasiƙa ba ta isa inda ka tafi. Amma mutanenmu da aka watsa suna ta aiko da tambaya ta bakin direbobin lori, kuma tambayar ɗaya ce: yaya mahaifiyarka, Mma Hawa, ta ƙare? Na san da kana da bakin tambaya, da ita za ka fara. To bari in ba ka labarin, su kuma su saurara daga gefe.

Zan zo kan Mma. Ka san ni, ba na kwance huhun goro daga ƙasa.

Kai ne na farko a layinmu da ya je jami'a. Ni a aji shida na ajiye allon boko na bi kamasho, kai ka wuce. Ranar da ka dawo daga Akra da takardarka, Zango ta sa ido ta ga mota. Sai aka ji wai ka karɓi teburi a ofishin ruwa da kwatoci na gari. Tsofaffin da ke zama a ƙofar masallaci suka ce, duk wannan karatun, kwata? Na kawo maka maganar da zafinta, don ni ma haka na gani. Ka ce mini, "Mamman, na san inda yaran Zango ke ɗauko ciwon ciki, kuma ba a ofishin minista ba ne."

Famfunan da ka ja har unguwar Moshi Zango suna nan suna zuba. Makarantar yamma da ka buɗe wa 'yan dako a zauren gidanku ma na nan, ko da yake rabin benci babu kowa yanzu. Albashinka bai taɓa ganin tsakiyar wata ba. Wannan kuɗin makarantar ɗansa, wancan asibitin matarsa, wata an kwashe mata kaya a kasuwar Kejetia sai ka je ka karɓo. Mma ce ke ciyar da kai da kuɗin kokonta da ƙosai, tana cewa ita ce kaɗai a Kumasi ta haifi babban ma'aikaci ta kuma ci gaba da goyonsa.

Abin da Zango ba ta taɓa gane maka ba shi ne abokanka. Gwamnati ta faɗi, soja suka hau, soja suka sauka, farar hula suka dawo, kuma a kowace kana da wanda kuke cin abinci kwano ɗaya. Wasu suka ce ba ka da alƙibla. Kai kuwa kana cewa famfo bai san jam'iyyar mai ɗiban ruwa ba.

Cikinsu duka, babu kamar Lauya Kojo, Ba'asanten nan da kuka yi ɗaki ɗaya a jami'a. Lokacin da gwamnatin farko ta kulle shi, gidansu na Ashanti New Town ya zama kamar gidan mai agana, ko mai tallan gawayi ba ya tsayawa a ƙofar. Kai kuwa kowane mako sai ka je ka zauna da tsohuwarsa a tsakar gida, kana ma'aikacin gwamnatin da ta kulle mata ɗa. Na ce maka za ka rasa aikinka. Ka ce ai gaisuwa kake zuwa, kuma ba ka ji an hana gaisuwa ba.

Sai Asabar ɗinka. Ka san Asantawa ba sa wasa da makoki. Su ajiye gawa, su sanar, su kafa rumfuna, su sa baƙin zane, a yi ta kiɗa. Babu Asabar ɗin da ba ka je makokin wani ba, da farar rigarka a tsakiyar baƙaƙen zannuwa. Kowa na kai kwalbar giya, kai sai ka kai farin goro a ƙwarya, an rufe da ganye. Ni ke zaɓo maka shi, shi ya sa kake ja na. Kullum dariya nake yi a hanya: mu saya a gonarsu, mu wanke, mu mayar musu a matsayin kyauta. Amma sun karɓa, har suka saba, suna kiransa giyar Alhasan.

A can ka koya mini gaisuwarsu. Mu babba muke fara nema mu durƙusa masa. Su kuwa daga hannun dama ake farawa a bi layi, ko yaro ne a farkon benci. Ranar da na tsallake mutane na nufi wani basarake da hannu biyu, ka jawo ni ta wuyan riga ka mayar da ni bakin layi. Ka ce, "A kasuwa kai ne malamina. A nan ka bi bayana."

A Zango ana cewa ka zama Batone, wato Ba'asante, saura tsaga. Ni kaina na sha ce maka kana ɓata ranar ciniki a kan matattun da ba su san ka ba.

Ka rasu da safe, ana saura kwanaki kaɗan a kama azumi. Kai ya yi maka ciwo, ka kwanta, shi ke nan. Muka yi abin da muka sani: wanka, likkafani, salla, kafin la'asar ka riga ka kwanta a maƙabartar Tafo. Lauya Kojo yana Akra a ranar, don jam'iyyarsu ta ci zaɓe kuma ya zama mai faɗa a ji.

A zaman makoki na tada maganar a aika wa abokanka Asantawa. A wurinsu babban mutum ba ya jin mutuwa a bakin hanya. Sai dangin mamaci sun tashi manzo, ya je har gida da kwalba, ya zauna, a tambaye shi abin da ke tafe da shi, sannan ya faɗa. In ba a yi haka ba, ko a gabansa aka wuce da makara, bai ji ba. Liman ya ji kalmar kwalba sai ya tsuke fuska. Ya ce ba za a ɗauki giya da sunan Musulmin da ke kwance a kabari ba. Na ce ai goro ne kake kai musu. Wani tsoho ya ce wannan kai ne, kai kuwa ka tafi. Aka bar maganar sai bayan sadakar bakwai.

Kafin a sake tada ta, doka ta fito.

Kana cikin kabari ba ka ji ba, to ga ta: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar, kuma wa'adin gajere ne ƙwarai. Cikin azumi. Yaya, mutanen da aka yanke wa cibiya a Zango aka ce musu baƙi. Tashar Race Course ta cika da loroli, an ɗora katifa da keken ɗinki da tsofaffi a kan kaya. Baba Seidu mahauci ya sayar da rumfarsa a kan abin da bai kai kuɗin wuƙaƙensa ba. Mata suna ba da tukwanensu kyauta don babu wurin sawa. Na yi dillanci tun ina yaro, ban taɓa ganin kasuwar da kowa mai sayarwa ne ba sai wannan.

Ni da kai ba mu da matsala, kakanmu a Salaga yake kwance kuma akwai masu shaida. Mma ce. Ka san tun tana 'yar ƙanƙanuwa aka zo da ita daga ƙasar Nijar a bayan jakin fatake. Sunan garin kawai ta riƙe, ba ta san ko mutum ɗaya a can ba. Ba ta da takarda, don ba wanda ya taɓa tambayar mai koko takarda. Da kana raye, uwar ma'aikacin gwamnati ce, wa zai taɓa ta? Da ka rasu, ta zama tsohuwa baƙuwa mai gida babba a bakin titi. Tun ba a share tabarmin makokinka ba wani mutum ya zo yana auna zauren da ido, yana tambayata ko tsohuwa ta sa rana.

Na tarar ta ɗaure ƙunshi. Kwanonin sha guda biyu, carbi, da hotonka na ranar gama jami'a. Ta ce mini ba tafiyar ce ke damunta ba, wa zai riƙa zuwa Tafo?

Na sa rigata mai kyau na tafi ofishin Lauya Kojo. Na yi ta jira a benci tare da masu neman aiki, sannan aka shigar da ni. Ya tashi ya rungume ni, fuska a sake, da Hausarsa ta Zango da ba ta raba mace da namiji. Ya tambayi Mma, ya tambayi kasuwa. Sai ya ce, "Ɗan'uwana fa? Ya manta da ni tun da na tafi Akra."

Na buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe, ai Yaya Alhasan..." Sai ya ɗaga hannu. Ya dube ni sosai ya ce, "Mamman, ba wanda ya aiko mini da komai. Ka gaishe shi. Ka ce Asabar ina zuwa." Ya kira na gaba.

Na fito raina a ɓace. Na ce to, ga abotar 'yan siyasa. An binne amininsa ba a sanar da shi ba, ya yi fushi, zai rama a kan tsohuwa. Har na shirya irin baƙar maganar da zan yaɗa masa a tasha. Ina tafe ina cin rai har na iso Race Course, sai na tsaya. Shekaruna nawa ina kallon idon mai saye. Na san idon wanda ya ƙi kaya, na kuma san idon wanda ke ce wa dillali kada ka faɗi farashi yanzu, akwai mutane. Na biyun ne Kojo ya yi mini. Kuma idon nan ja ne, Yaya. Mutumin ya yi kuka kafin in shigo.

Asabar da la'asar baƙar motarsa ta tsaya a ƙofar gida, a daidai inda kowa zai gani. Ya fito ya yi sallama da ƙarfi yana kiran sunanka. Maƙwabta suka leƙo. Na tare shi na ce ba ka nan. Ya ce ba komai, zai jira kaɗan. Ya zauna a bencin 'yan makarantarka, ya yi hira da duk wanda ya wuce, ya tambayi ko famfon kusurwa ya daina yoyo. Da zai tafi ya ce, yadda maƙwabta za su ji, "Ka gaya wa ɗan'uwana na zo. Duk wanda ya dami Mma a bayansa, ni da shi ne."

Kada ka ɗauka an ɓoye mutuwarka. Ofishinku sun sani, sun tsayar da albashi, sun zaunar da wani a teburinka. Duk Kumasi ta sani. Mutum ɗaya ne bai ji ba, kuma babu Ba'asanten da zai yarda ya zama shi ne ya jefa wa babban mutum irin wannan labari a tsaye, ba shi cikin dangi, ba a aiko shi ba. Abin kunya ne da zai bi shi har gidan uwarsa.

Na ga amfanin haka da idona ranar da wani sajan ya zo da 'yan sanda suna bin gida gida. Ya ce a fito da tsohuwa da takardarta. Na ba shi kujera, na ce to, amma gidan Alhasan ne, abokin Lauya Kojo. Ya ce ai Alhasan ya mutu. Na ce, "Haka ne, Saja. Sai dai Lauya bai ji ba. Asabar zai zo gaishe shi. In ya tarar babu Mma zai tambayi dalili, ni kuwa sai in ce Saja ne ya san bayanin, shi zai yi maka." Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya cire hula ya share gumi. Ya ce dama ruwa ya tsaya sha. Na kawo masa na famfonka.

Haka muka yi azumi, muka yi ƙaramar salla, muka shiga sabuwar shekara. Kowace Asabar mota na ƙofa. Mutumin da ke auna zaure bai sake biyowa ta layin ba. Har wasu tsofaffi biyu marasa takarda suka tare a ɗakin baya, inuwar ta rufe su.

Ba kowa ya ji daɗin abin ba. Liman ya kira ni ya ce ana wasa da mamaci, ana kiran sunansa a ƙofa kamar mai rai. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai ba na nan kawai nake cewa, kuma ba ya nan ɗin. In an fi so, gobe in ɗauki goro in je in sanar, jibi a sa Mma a lori." Ya ja carbinsa ya ce Allah ya kyauta. Bai sake kira na ba.

Wadda ta biya tsadar abin ita ce Mma. Ka duba, mutum ya zo kowane mako ya tsaya a ƙofarta yana kiran ɗanta da ta binne. Ta ce mini tun farko, "Ni ba zan yi ƙarya a kan Alhasan ba, kuma ba zan ɓata muku shiri ba." Saboda haka in ta ji motar sai ta shige ɗaki ta sake labule. Da azumi ya wuce ta riƙa aiko masa da koko a kwanonka. Yana sha, yana yaba sukarin, ba su ga fuskar juna ba. Ba ta yi kuka a gabanmu ba ko sau ɗaya, amma ta rame har zobenta ya riƙa faɗuwa cikin ƙullu.

Wata Asabar na dawo daga tasha ta bayan layi, sai na ga motarsa a tsaye can nesa da gida. Daga makokin wani yake. Yana cikin motar yana kwance baƙin zanensa, ya ninke, ya tura ƙarƙashin kujera, ya sa farar taguwa. Ya daɗe zaune hannunsa a kan fuska. Sannan ya ce wa direba ya ja, ya iso ƙofarmu yana murmushi yana kiran sunanka. Ban gaya wa kowa ba sai yanzu.

Ba zan mayar maka da shi waliyyi ba, don kai ma ba ka son zuƙi. Jam'iyyarsa ce ta yi dokar. Ban ji ya tashi a Akra ya ce a'a ba. Gida ɗaya ya rufe, Zango kuwa gidaje ne ba iyaka. Baba Seidu ya tafi, kuma an ce matarsa ba ta kai iyaka da rai ba. Akwai safiyar da na wuce famfonka na Moshi Zango, inda mata ke faɗa a kan layi, na tarar da akuya kaɗai tana lasar bakinsa. Da kana nan na san da ka je ka faɗa wa Kojo abin da ba ya so ya ji, sannan ku ci abinci tare. Ni ban iya wannan ba. Ni dillali ne, abin da na samu a hannu shi na riƙe.

Bayan babbar salla ya zo da takardar Mma, da hatimi da komai. Ashe duk watannin nan ita yake bi daga ofis zuwa ofis. Ya miƙa mini a zaure kamar wanda ke ba da taba. Na raka shi mota. Ya riƙe ƙofar bai shiga ba, ya ce, "Mamman, na daɗe ban ga ɗan'uwana ba. In akwai abin da ya kamata in ji, Lahadi ina gida."

Na zaɓi goron da ban taɓa zaɓar irinsa ba, fari tas, ɗaya bayan ɗaya, babu tabo babu tsutsa. Na sa a ƙwarya na rufe da ganye. Na je wurin Liman, na buɗe masa ƙwaryar kawai. Ya duba, ya ɗauki sandarsa ya ce mu je.

Muka tarar da su a tsakar gidan nan na Ashanti New Town inda kake zama da tsohuwarsa. Tana nan ita ma, da kawunsa, da dangi a jere. Na ga Liman ya nufi Kojo kai tsaye, na riƙo hannun rigarsa na mayar da shi bakin layi. Muka bi daga dama. Aka ba mu kujeru, aka ba mu ruwa. Kawun ya tambayi abin da ke tafe da mu.

Na ajiye ƙwaryar a gabansa. Ya ɗaga ganyen ya ce, "Giyar Alhasan." Ni da ake cewa bakina ya riga ni zuwa duniya, Yaya, na nemi bakin na rasa. Da ƙyar na ce Alhasan ɗan Mma Hawa, Allah ya yi masa rasuwa.

Kawun ya juya ya maimaita wa Kojo da yarensu na Asante, kalma kalma, yadda al'ada ta ce. Sai mutumin nan, mai mota da direba, wanda 'yan sanda ke sara wa, ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro. Tsohuwarsa ta ɗora hannu a ka tana kiran sunanka. Liman ya kau da kai yana goge ido da bakin rawani. Wata huɗu da wani abu kana kabari, amma a gidan nan a ranar ka mutu.

Asabar ɗin da ta biyo ya zo da baƙin zanensa, bai cire ba. Bai kira sunanka ba. Ya tsaya a ƙofa ya yi sallama a hankali. Mma ta ɗaga labule ta fito da kanta, karo na farko. Ya durƙusa a gabanta zai yi magana, ta riga shi. Ta ce, "Kojo, sai haƙuri. Ɗan'uwanka ya tafi ya bar mu." Sannan ta yi kukan da ta riƙe tun azumi. Da ta natsu ta ce ya tashi ya kai ta Tafo a motar nan tasa, tun da dai ta saba da hanyar gidan.

To ka ji. Mma tana ɗakinta. Ta kwance ƙunshin, hotonka ya koma bango, ta koma sayar da koko ko da yake masu saye sun ragu. Na sha ce maka kana ɓata Asabar ɗinka. Ban janye maganar duka ba, don ciniki ciniki ne, amma yanzu in na ji an kafa rumfa a wani wuri ina ɗaukar ƙwarya in je.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya maƙogwaron mutanen Zango. Ya yafe maka kurakuranka, ya sa ruwan nan da ke zuba ya riƙa isa gare ka. Ya ba Mma tsawon rai a ɗakinta. Waɗanda aka kora, Allah ya sa su sami ƙasar da za ta karɓe su. Kojo kuma, ban san irin addu'ar da ta dace da shi ba, na bar wa Allah, shi ya ga abin da ya yi da wanda bai yi ba.

Yanzu dai kowa ya ji. Ka huta.

Ƙanenka,
Mamman Dillali